Daga Zariya zuwa gasar ƙaramin golf ta ƙasa da ƙasa: yadda ake shiri mataki-mataki

Ƙaramin golf, wanda hukumominsa ke kira minigolf, inda ake buga ƙwallo da sanda a kan gajeren layi har ta faɗa rami, wasa ne da akasarin waɗanda suka taɓa ganinsa suka ɗauka abin rage lokaci ne na yara a wuraren shaƙatawa. A Jamus da Suwidin da Ostiriya da Suwizalan kuwa wasa ne mai lig-lig da alƙalai da masu horarwa, har da dokokin hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma yana da hukumar duniya mai suna World Minigolf Sport Federation, wato WMF, wadda ke shirya gasar cin kofin duniya tun daga ta farko da aka yi a birnin Oslo a 1991. Suwidin ta kafa hukumarta ta ƙasa tun 1937, saboda haka duk wanda zai tashi daga Zariya ya tunkari waɗannan mutane, ya kwana da sanin cewa zai haɗu da 'yan wasan da suka gaji abin daga iyaye da kakanni.

Duk da haka, yana cikin wasannin da matashin Samaru ko Tudun Wada zai iya koya a gida har ya kai matsayin da ba za a raina shi ba, domin ba ya buƙatar makeken filin ciyawa, ba ya buƙatar ban-ruwa, kuma tsawo ko ƙarfin jiki ba su da wani tasiri a cikinsa. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin halin ƙwallo, da sanin halin layin da za a buga ta a kai, da kuma rubuta abin da aka gano don kada a dogara ga tunawa. A kan waɗannan abubuwa uku aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ka san irin filin da za ka yi gasa a kai

Kowane fili yana da layuka 18, kowane layi yana da wurin aza ƙwallo a farkonsa, da shinge ko gangare ko kwana a tsakiya, da rami a ƙarshe. Sai dai WMF ta amince da tsarin fili iri huɗu, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai mutum ya zama zakara a ɗaya ya ji kunya a ɗaya.

Na farko shi ne filin kankare, wanda wani ɗan Suwizalan mai suna Paul Bongni ya tsara, aka buɗe na farkonsa a garin Ascona a 1954. Banda na bakwai, kowane layi yana da tsawon mita 12 da faɗin mita 1.25, da da'ira mai faɗin mita 2.5 a ƙarshe inda ramin yake, kuma an kewaye shi da ƙarfe wanda ƙwallo ke bugawa ta dawo. Jerin layukan iri ɗaya ne a ko'ina, ta yadda layi na ɗaya miƙaƙƙe ne babu shinge, na bakwai kuma dogon bugu ne na kimanin mita 25 da ake ɗaga ƙwallo sama ta sauka cikin da'ira. A wannan fili an yarda ɗan wasa ya taka layi idan zai yi bugu.

Na biyu shi ne wanda 'yan wasa ke kira eternit, da sunan allon siminti mai zare da ake yin shi da shi, wanda ya fara fitowa a Hamburg ta Jamus a 1958. Layukansa gajeru ne, mita 6.25 a tsawo da santimita 90 a faɗi, kuma haramun ne a taka su, don haka duk bugu daga gefe ake tsayawa a yi shi. Shingayensa sanannu ne: akwai dala-dala, akwai zoben da ƙwallo ke kewayawa ta yi alkafura, akwai raga, akwai tudu mai rami a ƙololuwa, akwai layi mai karkacewa irin ta walƙiya. A nan ne gwanaye kan kammala layuka 18 da bugu 18 cif, ko wane layi bugu guda. Na uku shi ne filin kafet na Suwidin, mai gefen katako da dogayen layuka masu hawa da ƙananan ƙofofi, wanda yawancin 'yan wasa ke ɗauka a matsayin mafi wuya domin kuskure kaɗan yana dawo da ƙwallo inda ta fito. Na huɗu kuwa ana kiransa MOS, wato Minigolf Open Standard, kuma shi ne ya tattaro filayen ciyawar roba masu tuddai da duwatsu da ake gani a Ingila da Amurka, inda tsarin layuka ya bambanta daga fili zuwa fili.

Dalilin da ya sa wannan mataki ya zo farko shi ne gasar cin kofin duniya bisa al'ada a kan fili biyu ake yin ta, eternit tare da kankare ko kafet, alhali gasannin da baƙo zai fi samun sauƙin shiga duk a kan irin MOS ake yin su. A ganina, mai farawa daga Zariya ya sa ido a kan MOS don fitarsa ta farko, amma ya yi atisayensa na yau da kullum a kan layi mai ma'aunin eternit, saboda gajeren layi mai santsi ba ya ɓoye kuskuren hannu, kuma wanda ya daidaita bugunsa a kansa ba zai sha wuya a kan ciyawar roba ba.

Mataki na biyu: dokokin da ake tafka asara a kansu

Kowane bugu maki ɗaya ne, kuma wanda ya fi ƙarancin maki shi ne ya yi nasara. Ana ba ɗan wasa bugu shida a kowane layi; idan ƙwallo ba ta shiga rami a bugu na shida ba, sai a rubuta masa 7 ya wuce gaba. Akwai wani zane a yawancin layuka, galibi bayan shinge, wanda dole ƙwallo ta tsallake kafin a ce ta shiga wasa sosai, kuma muddin ba ta tsallake shi ba, daga farko za a sake bugawa, bugun da aka yi kuma ya shiga lissafi. Idan ta tsallake sannan ta tsaya a jikin gefe, an yarda a ɗauke ta da hannu a ajiye a kan zanen da aka ja santimita 20 daga gefen, don sanda ta samu wurin motsi. Ƙwallon da aka fara layi da ita, da ita za a gama shi, ba a canzawa sai an je layi na gaba.

Ana zagayawa ne rukuni-rukuni, yawanci mutum uku, kowa sai ya gama layinsa kafin na bayansa ya aza tasa ƙwallon, kuma abokin rukuninka ne ke rubuta makinka, kai ma ka rubuta na wani. Kowane bugu yana da iyakar lokaci na kusan minti ɗaya. Waya da taba da giya duk an hana su a fili lokacin gasa. Littafin dokokin WMF yana shafinta na intanet kyauta, kuma ya kamata a buga shi a takarda a karanta shi tun daga farko har ƙarshe, tare da lura cewa gasannin Ingila da na Amurka suna da nasu ƙarin dokoki, musamman a kan irin ƙwallon da aka yarda da ita da kuma hukuncin ƙwallon da ta fita daga layi.

Mataki na uku: gina layin atisaye

Ba sai an gina layi 18 ba. Layi uku sun isa shekarar farko: miƙaƙƙe guda, mai kwana guda wanda dole sai ƙwallo ta bugi gefe kafin ta nufi rami, da mai hawa guda. Idan tsakar gida ko harabar makaranta tana da tsawon mita takwas da faɗin mita biyar, wuri ya samu. A guji gindin darbejiya ko mangwaro duk da daɗin inuwarsu, domin saiwa tana ɗaga daɓe cikin 'yan shekaru, 'ya'yan itace da kashin tsuntsaye kuma suna ɓata santsin layi.

A kira magini a nuna masa ma'aunin a rubuce: tsawo mita 6.25 har da da'irar ƙarshe mai faɗin mita 1.4, faɗin layi santimita 90, rami mai faɗin kimanin santimita 10 a tsakiyar da'ira. A zuba jar ƙasa a daddaɓe ta sosai kafin a zuba kankare, a kuma binne ɗan bututu a ƙarƙashin ramin don ruwan damina ya samu mafita. Wurin da aikin ke lalacewa shi ne saman daɓen. Magininmu ya saba ba daɓe ɗan gangare don ruwa ya gudu, kuma zai yi hakan ko ba a ce masa ba, alhali a nan gangaren da ido ba ya gani ya isa ya karkatar da ƙwallo mai tafiya a hankali. Saboda haka a tsaya a kansa da ma'aunin daidaito mai ɗigon ruwa, a auna a tsaye a auna a kwance, sannan bayan ya bushe a kawo masu injin goge tarazo su bi saman har sai tafin hannu ya daina jin tsakuwa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kwara bokitin ruwa a tsakiyar layi a ga inda ya taru, sannan a gangara ƙwallo a hankali daga kowane ɓangare a ga ko tana bin hanya ɗaya. Idan da hunturu aka zuba kankaren, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana yayyafa ruwa har mako guda, domin busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana tsotse ruwan siminti ta bar shi da tsaga.

Gefen layi aikin mai walda ne, kuma a Sabon Gari ba a rasa wanda zai yi shi da faffaɗan ƙarfe. Abin da za a nanata masa shi ne ƙarfen ya miƙe sak, a goge duk wurin da aka yi walda, kuma a ɗaure shi da daɓe ta yadda ba zai girgiza ba, domin gefen da ke motsi yana shanye ƙarfin ƙwallo ya koya wa ɗan wasa kusurwar ƙarya. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a ɗauko tsofaffin allunan silin ko rufin asbestos da aka cire daga tsofaffin gine-gine a ce za a yanka a yi layi da su, domin ƙurarsu tana haddasa mummunar cutar huhu. Mai son gwada ciyawar roba kuma ya nemi mai gajeren gashi, ba irin doguwar da ake shimfiɗawa a filin ƙwallon ƙafa ba.

Mataki na huɗu: sanda da ƙwallaye

Galibi sanda ɗaya ake amfani da ita a duk zagayen, kuma ta gasa ta bambanta da ta babban golf da abu guda: an manna roba a fuskar da ke bugun ƙwallo. Robar tana sa ƙwallo mai laushi da mai tauri su bar sanda da ƙarfi kusan ɗaya, tana kuma ba da damar murza ƙwallo ta riƙa juyawa yayin da take tafiya. Kafin a samu ta asali, ana iya ɗaukar sandar golf ta saka ƙwallo a rami, a kai wa mai faci ya manna mata roba mai kauri, a goge fuskar ta daidaita.

Ƙwallaye kuwa su ne rabin wasan, kuma nan ne wanda ya saba da golf na talabijin yake shan mamaki. Gwanin Turai yana zuwa gasa da jaka cike da ƙwallaye, wani da ɗaruruwa, kowace da aikinta. Faɗinsu tsakanin milimita 37 ne zuwa 43, kuma ana bambanta su da abubuwa huɗu: tsalle, tauri, nauyi, da irin fatar da ke jikinsu. Tsalle ana auna shi ne ta hanyar sakin ƙwallo daga tsayin mita ɗaya a kan kankare a ga santimita nawa ta tashi. Akwai matacciya wadda ke faɗuwa ta kwanta ko motsi babu, akwai mai rai da ke tashi sama da santimita 80. Matacciya ita ake so a layin da ake buƙatar ƙwallo ta bugi gefe ta tsaya kusa da rami, mai rai kuma a layin da aka tsara ta bugi gefe sau biyu ko uku kafin ta faɗa. Ƙwallo mai fenti mai sheƙi tana zamewa a jikin ƙarfe, mai kaushi kuwa tana kama shi, don haka idan an murza ta, kusurwar da za ta dawo da ita tana canzawa. Kamfanoni irin su 3D da Reisinger da Nifo ne ke yin su, kuma a gasar WMF sai ƙwallon da ke cikin jerin da hukumar ta amince da shi. Mai farawa bai buƙatar fiye da shida zuwa goma, daga matacciya zuwa mai rai, tare da ƙwallon golf ta yau da kullum guda biyu, domin a gasannin Amurka ita ake bugawa.

Zafi da sanyi suna canza halin ƙwallo ƙwarai, kuma a nan Zariya tana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba. A manna tef ɗin awo a jikin bango, a fito da sassafe a watan Janairu lokacin da hazo bai washe ba, hannu yana ƙanƙarewa, a saki ƙwallo daga mita ɗaya a rubuta inda ta kai. A bar ta a rana, a dawo bayan azahar a sake sakinta a wuri ɗaya. Ƙwallon da ta tashi kaɗan da safe za a ga ta ƙara rai sosai da ta ɗumama, kuma a kan layi wannan bambanci shi ne tsakanin shiga rami da wuce shi. A rana ɗaya ta hunturu ɗan wasan Zariya yana samun sanyin safiyar Turai da zafin la'asar ɗinta, a watan Afrilu kuma yana samun zafin da ya wuce duk abin da zai tarar a can. Wannan ne ya sa a filin gasa za ka ga babban mutum ya zaro ƙwallo daga cikin safa da ya cusa a ƙugunsa, ya aza ta da sauri ya buga, mai horar da shi kuma yana tsaye a gefe da kula mai ƙanƙara yana riƙon wata, suna tattalinsu kamar kaza da ƙwanta. Duk wannan halal ne a doka, kuma wajibi ne a koye shi tun a gida: wace ƙwallo ke son aljihu, wace ke son inuwa, kuma minti nawa take ɗauka kafin ta koma halinta bayan an fito da ita.

Mataki na biyar: bugu da littafin atisaye

Tsayuwar da yawancin gwanaye ke yi ita ce a ware ƙafafu, ƙwallo tana tsakiya, idanu a samanta, hannaye biyu a haɗe, sannan kafaɗu su yi lilo da sandar ba tare da wuyan hannu ya lanƙwasa ba. Abu biyu ake nema, miƙewar hanya da daidaiton ƙarfi, kuma na biyun ya fi wuyar samu. A miƙaƙƙen layi a fara da neman ƙwallo ta shiga kai tsaye, sannan a koyi bugun da ke wuce rami da gangan ya bugi bayan da'ira ya dawo ya faɗa, domin a layuka da dama wannan hanya ta fi tabbas, tana ba ƙwallo dama biyu a bugu ɗaya. Murza ƙwallo a bar shi sai hannu ya zauna.

Littafin atisaye shi ne abin da nake ganin ba a sassauci a kansa. A sayi littafin rubutu mai tauri, a ware wa kowane layi shafukansa, a zana layin, sannan duk ranar atisaye a rubuta kwanan wata da lokaci, da abin da ma'aunin zafi ya nuna, da ƙwallon da aka buga, da daidai inda aka aza ta, da wurin da aka auna a jikin gefe, da kuma sau nawa ta shiga cikin bugu 30. Bayan wata biyu littafin zai fara faɗa maka abin da zuciyarka ba za ta yarda da shi ba, misali cewa ƙwallon da ka fi ƙauna ba ita ce ta fi shiga ba. Haka kuma ita ce ɗabi'ar da za ka buƙata a ƙetare, inda za a ba ka 'yan kwanaki kawai ka karanci layuka 18 ko 36 da ba ka taɓa gani ba.

Aƙalla sau ɗaya a mako, ko da yammacin Juma'a ne bayan la'asar, a tara mutum uku a yi wasa da kati da agogo da cikakkiyar doka, kowa ya yi shiru idan wani zai buga, kuma babu sake bugu don an ce hannu ne ya zame. Don sanin matsayinka, a allunan gasa na Turai ana rubuta maki da launi: a eternit 18 da 19 shuɗi ne, 20 zuwa 24 kore, 25 zuwa 29 ja, daga 30 zuwa sama baƙi, a kankare kuma kore yana tsakanin 25 da 29. Masu neman lambar yabo a gasar duniya ba sa barin kore da shuɗi sai bisa tsautsayi.

Mataki na shida: zaɓen gasa da ƙofar shigarta

Gasar cin kofin duniya ta WMF ana yin ta ne a shekarun da ba sa rabuwa biyu, galibi a watan Agusta, ta Turai kuma a shekarun da ke tsakani. An yi ta a Lahti ta Finlan a 2015, a Zaton ta Kuroshiya a 2017, a Zhouzhuang ta ƙasar Sin a 2019, a Uppsala ta Suwidin a 2023. Akwai gasar ɗaiɗaiku ta tara maki, da ta fito-na-fito inda ake cin layi-layi a fitar da wanda aka doke, da ta ƙungiya, maza shida mata uku, kuma Jamus da Suwidin ne suka fi kwashe lambobin. Ba a shiga wannan gasa da sunan kai; hukumar ƙasa ce ke tura sunaye. Jerin ƙasashe mambobi da adireshinsu yana shafin WMF, kuma daga nan ake fara rubuta wasiƙa. Wasiƙar da ta fito daga kulob mai rajista da hukumar CAC, mai shugabanni da hotunan layukansa da sakamakon wasanninsa, ta fi ta mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, don haka rajistar kulob da sanar da hukumar wasanni ta Jihar Kaduna aiki ne da ya kamata a yi tun da wuri. Ghana tana da hukumar wannan wasa, kuma tuntuɓar maƙwabta irinsu ya fi sauƙi da arha fiye da fara dogon tsalle zuwa Turai.

A ɓangaren ciyawar roba, WMF tana da gasar World Adventure Golf Masters, wadda aka fara a Hastings da ke gaɓar tekun kudancin Ingila a 2011. A wannan gari dai ake yin World Crazy Golf Championships tun 2003, wadda kowa ke iya yin rajista ya shiga, har da rukunin sababbin shiga, kuma tana da wata al'ada ta daban: a zagayen ƙarshe ƙwallayen 'yan rukuni duka suna kan layi lokaci ɗaya, ta wani tana iya ture ta wani. A Amurka akwai gasar Masters ta USPMGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙaramin golf ta ƙasar, a filin Hawaiian Rumble da ke North Myrtle Beach, a watan Oktoba, inda zakara ke samun koriyar kwat. Olivia Prokopová, 'yar Jamhuriyar Cek, ta lashe ta a 2013 tare da gasar US Open ta ƙaramin golf da World Crazy Golf Championships ta Hastings duk a shekara ɗaya tana budurwa matashiya, abin da ke nuna cewa a waɗannan gasanni mace da namiji layi ɗaya suke bi, kuma 'yan matan makarantunmu ba su da dalilin zama 'yan kallo. Game da kuɗi, gaskiya ita ce kyautar ba ta taka kara ta karya ba. A gasar duniya lambar yabo ake bayarwa, a sauran kuma abin da ake ci da wuya ya mayar wa mai zuwa daga Nijeriya kuɗin jirgi da masauki. Wanda zai tafi ya nemi mai ɗaukar nauyi tun kafin ya yi rajista.

Mataki na bakwai: takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance yana da sauran wa'adi mai tsawo, a kuma nemi takardar gayyata daga masu shirya gasa da zarar an biya kuɗin rajista. Jamus da Suwidin da Ostiriya da Finlan da Kuroshiya duk bizar Schengen ake shiga da ita, wadda ake iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma tana buƙatar inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Ingila da Amurka kowace da tata biza daban, kuma samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci. Sanda a cikin babbar jaka ake sa ta, ƙwallaye da littafi kuwa a jakar hannu, domin idan kaya suka makale a hanya ana iya aron sanda, amma ba a aron ƙwallon da ka san halinta.

Mataki na takwas: makon gasa

Manyan ƙungiyoyi kan isa fili mako guda ko fiye kafin a fara, kuma wanda ya zo saura kwana biyu ya riga ya ba da rata. Ranar farko kada a yi gaggawar bugu. A zagaya da littafi a zana kowane layi, a tsaya a kalli 'yan gida da Jamusawa da 'yan Suwidin, a lura da inda suke aza ƙwallo da inda take bugun gefe, a kuma tambaye su wace iri suke bugawa, domin a wannan wasa mutane ba su cika rowar bayani ga baƙon da ya zo daga nesa ba. A kwana na biyu da na uku a tsayar wa kowane layi hanya ɗaya da ƙwallo ɗaya, tare da ta biyu ta ko-ta-kwana idan an yi ruwa ko rana ta buɗe. Bayan haka a daina gwaje-gwaje, ko da an ga wani ya ci da wata dabara mai ban sha'awa. A ware lokaci na musamman don bugu na biyu, wato daga wuraren da ƙwallo ta saba tsayawa idan ta ƙi shiga, a rubuta ta ina layin ke karkata a kowane wuri, saboda mai farawa ba a rashin bugu ɗaya yake faɗuwa ba, a 2 da ta zama 4 yake faɗuwa.

A yi atisaye a irin lokacin da za a yi gasa, musamman da sassafe lokacin da raɓa ke kan layi. Ranakun gasa dogaye ne, zagaye uku ko huɗu da jira a tsakani, saboda haka a tanadi abinci da ruwa da rigar ruwa da tawul na goge ƙwallo, a duba jadawalin rukuni a san inda sallar azahar da la'asar za su faɗa, tunda a arewacin Turai lokutan bazara sun sha bamban da namu. Mai shan magani na yau da kullum, kamar na hawan jini, ya duba jerin haramtattun magunguna na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, tare da likitansa tun a gida, domin wasu magungunan da ke rage bugun zuciya suna da ƙa'ida a wasannin saiti, kuma akwai takardar izini da ake nema idan buƙata ta kama.

Idan wani abu ya faru a layi wanda ba ka tabbatar da hukuncinsa ba, kamar iska ta motsa ƙwallo ko ta tsaya daidai kan zane, kada ka taɓa ta. Ɗaga hannu ka kira alƙalin wasa ya yanke. Bayan kowane layi ka dubi abin da abokin rukuninka ya rubuta maka kafin ku matsa, a ƙarshen zagaye kuma ka tara makin da kanka sau biyu kafin ka sa hannu a kati, domin gyara bayan sa hannu sai ta hannun alƙalai, kuma ba kullum suke amincewa ba.